Zaɓen Babban Allo ga Mai Haɗa Kwamfutar Tebur da Hannunsa

Babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ne faffaɗan allon nan da ake ɗaurewa a cikin akwatin kwamfutar tebur. Duk abin da ke cikin akwatin, a jikinsa yake haɗuwa. Firosesa a kansa take zama. RAM a jikinsa ake soka shi. Ma'ajiyar bayanai, da katin hoto, da fankoki, da wayoyin wuta, duk gare shi suke komawa.  Sharhin yau a kan wannan allo yake, da yadda mai son haɗa kwamfuta da hannunsa zai zaɓe shi.

Akwai magana guda da ya kamata a riƙe tun daga farko, domin za ta yi ta dawowa. Babban allo ba ya ƙara wa kwamfuta gudu. Aikinsa shi ne ya dace da sauran kayan, ya ɗauki nauyinsu, ya kuma daɗe yana yi. A ɗauki firosesa ɗaya da RAM ɗaya, a ɗora su a kan allo mai matsakaicin kuɗi. Sannan a cire su, a mayar kan mai tsada. Da wuya mai aiki ya ga bambanci a rubutu, ko lissafi, ko kallon bidiyo. Gudu daga firosesa yake fitowa, da katin hoto, da RAM, da ma'ajiya. Abin da allo ke ba su hanya ce da wuta.

To in haka ne, me ya sa za a tsaya dogon nazari a kansa? Saboda shi ne abin da ya fi wuyar sauyawa. Wanda RAM ya yi masa kaɗan, nan da nan zai ƙara wani. Wanda ma'ajiyarsa ta cika zai saka wata. Amma wanda ya tashi sauya allo, sai ya kwance kwamfutar baki ɗaya. Sau da yawa ma sai ya sauya firosesa da RAM tare da shi. Matsayinsa kamar harsashin gida ne. Ana sake ƙofa, ana sake rufi, amma harsashi idan ya zo a karkace sai an rushe ginin.

Batu na farko, masu sauraro, shi ne ba da allo ake farawa ba. Da firosesa ake farawa. Mutum ya fara sanin aikin da zai yi. Rubutu ne da karatu? Haɗa bidiyon biki ne? Zanen gini ne, ko wasannin kwamfuta? Aikin ne zai nuna firosesar da ta dace. Ita kuma firosesar ce za ta nuna allon da za a saya. Wanda ya fara sayen allo don ya gan shi da kyau a shago, ya ɗaure kansa tun kafin ya san inda za shi.

Kamfanoni biyu ne ke riƙe da kasuwar firosesar kwamfutar tebur, Intel da AMD, dukansu na Amurka. Allon da aka yi don ɗaya ba ya karɓar ta ɗayan. Ko a cikin kamfani guda ma, ba kowane allo ke karɓar kowace firosesa ba. Abin da ke raba gardama shi ne soket, wato mazaunin nan mai kusurwa huɗu inda firosesa ke zama. Kowane soket da sunansa, da siffarsa, da yawan ƙananan alluran da ke cikinsa. Sunan soket yana rubuce a kwalin firosesa, yana kuma rubuce a kwalin allo. Idan sunayen biyu suka saɓa, ciniki ya ƙare.

A ɓangaren Intel, soket mai suna LGA 1700 ya fito a ƙarshen shekarar 2021. Yana ɗaukar zubi na 12, da na 13, da na 14 na firosesar Core. A watan Oktoban 2024 sai wani ya biyo baya, LGA 1851, don sabbin Core Ultra. A ido kamar ɗaya suke, amma firosesar wannan ba ta aiki a wancan. Haka al'adar Intel take. Bayan zubi biyu ko uku sai ta sauya soket.

AMD kuwa ta fi daɗewa a kan soket guda. AM4 ya fito a 2016, firosesarta Ryzen ta farko ta hau shi a 2017, aka yi ta fitar da sababbi a kansa shekara da shekaru, har zuwa jerin Ryzen 5000. Wanda ya gaje shi, AM5, ya zo a watan Satumban 2022, kamfanin kuma ya ce zai ci gaba da yi masa firosesa har 2027 da abin da ya biyo baya. Wannan yana da amfani ga mai niyyar sayen ƙaramar firosesa yanzu, ya ƙara babba idan hali ya samu. Sai dai a yi wa kai adalci a nan. Da yawa daga masu wannan niyya ba sa sake buɗe akwatin sai kwamfutar ta tsufa. Bai kamata a biya kuɗi mai yawa yau saboda wani sauyi da ba lalle a yi shi ba.

Kafin a bar batun soket, ga abin lura. A tsarin AM4, alluran a ƙarƙashin firosesa suke. A tsarin Intel da na AM5, alluran a cikin soket ɗin allo suke, sama da dubu, sirara ƙwarai. Ɗan yatsa ya taɓa su sai su lanƙwashe. Guda ɗaya ta lanƙwashe, kwamfuta na iya ƙin tashi, ko ta ƙi ganin rabin RAM ɗinta. Shi ya sa sabon allo irin wannan ke zuwa da baƙin marfin roba a kan soket. Ba a cire marfin sai lokacin saka firosesa. Bayan an cire kuma a adana shi, domin idan allon ya samu matsala za a so a mayar da shi a rufe.

Yanzu sai batu na biyu, wato RAM. Iri biyu ne a kasuwa yau, DDR4 da DDR5. Tsagin da ke ƙasan kowannensu a wuri daban yake, saboda haka ɗaya ba ya shiga gurbin ɗayan. Allon AM4 DDR4 kaɗai ya sani. Allon AM5 da na LGA 1851 DDR5 kaɗai suka sani. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne LGA 1700. A wannan soket, kamfani kan fitar da allo iri biyu da suna kusan ɗaya, wannan na DDR4, wancan na DDR5. Bambancin wani lokaci harafi ne da lamba a ƙarshen sunan. A karanta kwali da kyau. A kuma sani cewa RAM ɗin laftof gajere ne, ba ya shiga allon tebur da aka saba gani.

Wasu allunan gurbin RAM biyu gare su, wasu huɗu. Mai huɗu ya fi ba da sararin ƙari nan gaba. Amma ko nawa ne, sanda biyu sun fi sanda ɗaya, domin firosesa tana magana da RAM ta hanyoyi biyu a lokaci guda. Wanda ya saka sanda ɗaya ya rufe hanya ɗaya ke nan. A allo mai gurbi huɗu, galibi gurbi na biyu da na huɗu ake fara cikawa, idan aka ƙirga daga wajen firosesa. Littafin allon zai tabbatar. Akwai kuma wani abu da mutane da dama ba su sani ba. Sau da yawa RAM ba ya tashi da cikakken gudun da aka rubuta a jikinsa sai an kunna masa shi a cikin BIOS, manhajar allon da za a yi bayaninta a gaba. Intel na kiran tsarin XMP, AMD na kiran nata EXPO.

Batu na uku shi ne cifset. Wani ƙaramin guntu ne a jikin allo, wanda ke kula da zirga-zirgar kafofin USB, da ma'ajiya, da sauran gurabe. Sunansa yana cikin sunan allon, harafi guda da lambobi uku. Harafin ne ke nuna daraja. A wajen Intel, H610 shi ne na ƙasa, masu harafin B na tsakiya, masu Z na sama. A wajen AMD, A ne na ƙasa, B na tsakiya, X na sama. Na sama ya fi yawan kafofi da gurabe. A Intel kuma, mai son tura firosesa ta wuce gudun da kamfani ya tsara mata sai da allon Z, da firosesa mai harafin K. AMD ta bar wannan dama a buɗe har a yawancin allunan B.

Wane ne ya dace? Ga mafi yawan mutane, allon B ya wadatar, har da ragi. Ɗalibi, da ma'aikacin ofis, da mai haɗa bidiyo, da mai wasanni, duk B zai ɗauke su. Allon Z ko X sai ga wanda ya san takamaiman abin da yake nema a cikinsa, ya kuma iya faɗinsa da baki. A yi hattara da kamannin suna. B650 na AMD ne, B660 na Intel ne. Lamba ɗaya ce ta raba su, amma ba sa haɗa hanya. A sake tunawa, allo ba ya ƙara gudu. Babban harafi kafofi yake ƙarawa.

Daga nan sai girma. Tsarin ATX, wanda Intel ta fito da shi a 1995, shi ne cikakken girma, tsawonsa ya ɗan haura santimita 30. Ƙaninsa microATX gajere ne, kusan santimita 24 da rabi ta kowane gefe. Ƙaraminsu Mini-ITX, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya ƙirƙiro a 2001, santimita 17 ne kacal. Ƙaramin allo yana shiga babban akwati. Babban allo ba ya shiga ƙarami. Mutum zai zaci mafi ƙanƙanta shi ne mafi araha, amma ba haka ba ne. Mini-ITX kan yi tsada saboda wahalar cusa komai a ɗan fili, gurbin RAM ɗinsa biyu ne, na kati kuma ɗaya. MicroATX ne ya fi sauƙin kuɗi a galibi, kuma bai rasa komai da mai gida ke bukata ba.

Masu sauraro, yanzu an zo wurin da ya fi cancantar a tsaya, wurin da masu saye suka fi tsallakewa. Shi ne sashen da ke ba firosesa wuta, wanda ake kira VRM. Na'urar wutar kwamfuta, wadda 'yan kasuwa ke kira fawa fak, tana aiko da bolt 12. Firosesa kuwa abin da take ci bai wuce bolt ɗaya da 'yan kai ba. Wasu ƙananan kaya ne jere a gefen soket ke sauke wannan wuta, su daidaita ta, su miƙa mata. Suna yin haka ba dare ba rana, muddin kwamfuta na kunne. Aiki ne mai zafi. Duk yadda firosesa ta ƙara jan wuta, haka su ma suke ƙara ɗumi.

Allo mai kyau yakan rufe waɗannan kaya da ƙarfe mai kauri mai tsaga-tsaga, wanda ke shanye zafi ya sake shi ga iska. Allo mafi araha yakan bar su a fili. Idan aka ɗora ƙaramar firosesa mai cin wat 65 a kan irin wannan, ba matsala. Amma babbar firosesa irin Core i9 tana iya jan sama da wat 200 idan aiki ya yi nauyi. A kan allo marar ƙarfi, sashen wutar sai ya yi zafi fiye da kima. Don ya kare kansa, sai ya tilasta wa firosesa ta rage gudu. Mai kwamfuta yana cikin haɗa bidiyo sai ya ga aiki ya yi sanyi, bai san dalili ba. A nan ne maganar farko ke bukatar ƙari. Allo ba ya ƙara gudu, amma allon da bai kai ba yana iya rage shi.

Wannan batu ya fi shafar mazauna ƙasashe masu zafi. Masu gwajin kayan kwamfuta a Turai da Amurka galibi a ɗaki mai sanyi suke gwajinsu. A Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yamai, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Iskar da fanka ke jawowa cikin akwati tun daga waje da ɗuminta take shiga. Allon da ya tsallake gwaji da kyar a can, a nan zai sha wuya. Saboda haka idan an samu alluna biyu masu kuɗi kusan ɗaya, ɗaya da fitilu masu launi, ɗaya da ƙarfe mai kauri a gefen soket, a ɗauki mai ƙarfen. A haɗa masa da akwati mai faɗi, wanda iska ke shiga ta gaba ta fita ta baya. Ƙaramin akwati yana da kyau a kan tebur, amma yana riƙe zafi. Masu talla kan rubuta yawan layukan wutar VRM da manyan lambobi a kwali. Yawan kaɗai ba hujja ba ne. Ingancin kayan da kaurin ƙarfen su ma suna cikin lissafi.

Batu na gaba gurabe ne, kuma ba sai an daɗe a kansa ba. Dogon gurbin nan da ke ƙasan soket, mai suna PCIe, na katin hoto ne. Yana da zubi daban-daban, kowane sabon zubi yana ninka gudun na baya. Abin daɗin shi ne suna jituwa. Sabon kati yana aiki a tsohon gurbi, tsohon kati yana aiki a sabo. Mai kwamfutar gida ba lalle ya biya ƙarin kuɗi don zubi na 5 ba. Na 4 ya isa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gurbin M.2, inda ake kwantar da siririyar ma'ajiyar SSD mai sauri. A nemi allo mai irinsa biyu. A wasu alluna, idan aka cika gurbin M.2 na biyu, wasu kafofin SATA sai su daina aiki, domin hanya ɗaya suke rabawa. Mai tsofaffin faifan ajiya da yake son ci gaba da amfani da su ya duba wannan a littafin allo.

Ga wani kuskure da ke sa sabon mai haɗawa ya zaci kayansa sun lalace. A bayan allo akwai kafar HDMI, inda ake jona monita. Ganin kafar ba ya nufin hoto zai fito. Allon ba shi ke yin hoto ba. Firosesa ce ke yi, idan an gina mata sashen hoto a ciki. Firosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta ba ta da wannan sashe. A AM4, masu harafin G ne ke da shi. A AM5, yawancinsu suna da ɗan ƙarami. Wanda firosesarsa ba ta da shi dole ya sayi katin hoto. Wanda ya saka katin kuma, a jikin katin zai jona monita, ba a bayan allo ba.

Sauran kafofin baya a ƙirga su da bukatar gida. Madannai, da linzami, da firinta, da filash, da wayar caji, kowanne na son kafarsa. Idan akwatin yana da kafar USB-C a gaba, a tabbata allon yana da wurin jona ta a ciki, in ba haka ba kafar ado ce kawai. Sai Wi-Fi. A gidaje da yawa a nan, intanet daga wayar hannu ake raba shi, ko daga ƙaramar na'urar MiFi, ba ta igiya ba. Ga irin wannan gida, allo mai Wi-Fi a jikinsa ya cancanci ɗan ƙarin kuɗinsa, Bluetooth ma tare suke zuwa. A tuna a ɗaura masa eriyarsa. Sautin allunan yanzu ya ishi mai sauraron karatu ko kallon fim. Fitilu masu launi kuwa ba su da wani aiki sai ƙawa.

Yanzu sai BIOS, kuma a nan a ƙara kasa kunne. BIOS ƙaramar manhaja ce da ke zaune a wani guntu a jikin allo. Ita ke farkar da kwamfuta kafin Windows ta tashi. Ita ke gane firosesa, ta gwada RAM, ta nemo ma'ajiya. Matsalar ita ce, allo kan fito kasuwa kafin a ƙera wata firosesar. Soket ya yi daidai, firosesa ta zauna daram, amma BIOS bai san ta ba. A kunna, fanka na juyawa, monita baƙi ƙirin. An sha ganin haka da allon B450 da Ryzen 5000, da kuma allon B660 da zubi na 13 na Intel. Allon da ya daɗe a ajiye a shago ya fi shiga wannan hali.

Maganin kafin saye ne. Kowane kamfani yana da jerin firosesar da allonsa ke karɓa a shafinsa na intanet, da lambar BIOS ɗin da kowacce ke bukata. A duba. Sannan a nemi allo mai maɓallin sabunta BIOS ba tare da firosesa ba. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte na kiransa Q-Flash Plus, MSI na kiransa Flash BIOS Button. Ana sa fayil ɗin a filash, a soka a kafar da aka ware masa, a danna maɓallin. Wanda allonsa ba shi da wannan, sai ya nemi aron tsohuwar firosesa, ko ya roƙi mai shago ya sabunta masa kafin ya biya.

Gargaɗi a nan, masu sauraro. Lokacin sabunta BIOS, ba a so wuta ta yanke ko na daƙiƙa ɗaya. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, allon na iya mutuwa tsaye. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kada a fara sai da UPS mai cikakken caji, ko inbata. Kada kuma a ɗauka sabunta BIOS aikin ranar farko ne kawai. A shekarar 2024, Intel ta amince cewa wasu firosesarta na zubi na 13 da na 14 suna samun matsala saboda wutar da ta wuce kima. Gyaran ta hanyar sabon BIOS ya zo wa jama'a. Wannan ya nuna amfanin sayen allon kamfanin da ke ci gaba da kula da kayansa bayan an sayar.

Manyan kamfanonin allo huɗu ne, ASUS, da Gigabyte, da MSI, da ASRock, dukansu daga Taiwan. Tambayar wanne ya fi kyau ba ta da amsa guda. Kowannensu yana da alluna masu inganci, yana kuma da waɗanda aka rage wa kaya don a sauke farashi. Samfurin ake dubawa, ba tambarin ba.

Sai batun na hannu, domin ba kowa ke da halin sabo ba. A kasuwanni irin su titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, kayan tokumbo suna da yawa, kuma akwai masu kyau a cikinsu. Amma allo ba abin saye ba ne a rufe. A haska soket da tocilan, a karkata shi, a ga ko alluran duk sun miƙe a layi ɗaya. A duba ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a jikin allon, wanda kansa ya kumbura ya gama aiki. A shaƙa, ko akwai ƙaurin ƙuna. A duba tsatsa a kafofin baya. Sannan a sa mai kaya ya kunna shi a gaban mai saye, ya shiga BIOS, ya gwada gurbin RAM ɗaya bayan ɗaya. Idan agogon allon kawai ke ɓacewa duk lokacin da aka kashe, wannan ƙaramin abu ne. Batirin nan mai kama da kwabo ne ya mutu, sunansa CR2032, kuma ba shi da tsada.

Abubuwa biyu ne ke kama masu sayen na hannu. Na farko, allon da aka ciro daga kwamfutar ofis ta Dell ko HP. Yana da araha, yana kuma da ƙarko. Sai dai da yawansu don akwatinsu kaɗai aka ƙera su. Kan wayar wutarsu daban ne, siffarsu daban ce, ba sa zama a akwatin gama-gari. Na biyu, tsufa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa a hukumance tana son Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000, tare da tsarin tsaro mai suna TPM 2.0. Allon da ya girmi wannan zai yi aiki, musamman da Linux, amma mai son Windows ta yanzu ya san abin da yake saye.

Kuɗin da aka rage ta hanyar barin allo mai tsada ba asara ba ne. A zuba shi a ƙarin RAM, ko babbar SSD, ko fawa fak mai inganci, ko UPS. A nan ne za a ga bambanci da ido. Allo dai ya dace da kaya, ya ɗauki nauyinsu, ya daɗe.

Ranar haɗawa ma tana da ladubbanta. A lokacin hunturu iska ta bushe, jiki yakan tara wata 'yar wuta, irin wadda ke tsirgar mutum idan ya taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar wutar ta isa ta lalata guntu. A fara taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa allo, a kuma riƙe shi ta gefe. Yana da kyau a gwada shi a kan kwalinsa kafin a saka shi ciki. Idan an zo ɗaurewa, a tabbata ƙananan dogaran nan da ke ɗaga allo daga jikin akwati suna daidai da ramukansa, ba ƙari ba ragi. Wayoyin wuta biyu ne, babbar mai baki 24, da ƙaramar da ke can sama kusa da firosesa, wadda aka fi mantawa. Bayan an fara aiki, ƙurar hunturu za ta taru a kan ƙarfen sanyaya da fankoki. A riƙa kashe kwamfuta, a zare waya, a hure ƙurar lokaci-lokaci.

Masu sauraro, wanda ke shirin zuwa kasuwa a cikinku ya ɗauki takarda ya rubuta cikakken sunan firosesarsa, da irin RAM ɗinsa, da girman akwatinsa. Ya sauke littafin allon da yake so a wayarsa, kyauta ne a shafin kamfanin, ya karanta shi a gida cikin natsuwa. A shago kuma ya nemi a gwada masa, a rubuta masa kwanakin garanti a jikin rasit. Allah Ya ba da sa'ar ciniki.